Sabar da ke Gidan Surukina

Litinin, 5 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Sabar ƙungiya, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayananmu, ta tsaya. Alhaji Labaran, shugabanmu, ya kira ni tun ban karya ba, yana faɗa kamar ni na ce mata ta tsaya. Wai manoman masara sama da dubu biyu, daga Bebeji har Doguwa, duk sunayensu suna cikin kwamfutar nan, ƙarshen wata kuma za a buɗe rajistar taki, don haka in tashi yau-yau in je in duba ta. Na ce to, Alhaji.

Ba zan je ba.

Sabar tana Doguwa, a ɗan ɗakin da ke jikin zauren Malam Abdussalami. Ni na kawo shawarar a ajiye ta can shekara biyu da suka wuce. Na ce wa ƙungiya Malam yana da sola mai ƙarfi, kuma ba a taɓa ɗauke ko tsinke a gidansa ba. Duk gaskiya ne. Abin da ban gaya musu ba shi ne lokacin ina neman 'yarsa Amatullah, ina kuma buƙatar dalilin zuwa Doguwa duk mako. A shekarar nan na ce sabar ta lalace ya fi sau arba'in, lafiyarta ƙalau. Yanzu na auri Amatu, Malam ya zama surukina, sabar kuma ta koyi lalacewa ta gaske.

Amatu tana can gidansu, yau kwana shida. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce goyon ciki ta tafi. Cikin wata biyar ne, na sani, amma ban ga inda aka rubuta wata nawa ake tafiya ba.

Ba don wannan ne ba zan je ba. Hanya ce ba ta da kyau daga Tudun Wada zuwa Falgore.

Litinin, bayan azahar

Na samo mafita, tun bara ma ya kamata in yi. SSH ake ce masa. Mutum zai zauna a ɗakinsa nan Kiru, ya buɗe laftof, ya shiga cikin kwamfutar da ke Doguwa ta intanet, ya ba ta umarni kamar yana zaune a gabanta, kuma ba mai iya leƙa abin da ke wucewa tsakaninsu. Ba sayen mai, ba faci, ba durƙuso a zauren kowa.

Makulli biyu ake yi, duka dogon layin haruffa ne. Ɗaya na sirri, yana zama a laftof ɗina, ko Inna ba za ta gan shi ba. Ɗayan kuma sai an saka shi cikin sabar, da shi za ta gane ni in na zo. Na yi su cikin minti biyu, sun yi kyau.

Matsala ɗaya ce. Dole wani ya zauna gaban sabar sau ɗaya tak, ya kunna manhajar, ya saka makullin. A duk Doguwa mutum ɗaya na sani da zai iya. Tare muka yi difloma da ita, ta fi ni maki, maganar da ba na so a riƙa tayarwa.

Talata, 6 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Na kira Amatu sau huɗu. Sabis ɗin Doguwa dai sai haƙuri.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe biyar

Sau shida. Wayar tana shiga, ba a ɗauka. Sabis ne.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan magariba

Inna ta dire mini tuwo a gabana, ta tsaya tana duba ni tun daga hula har takalmi.

"Yau dai ka dawo da duk abin da ka fita da shi?"

Na ce, "Kamar me, Inna?"

"Na ga hula tana kanka. Babur ma ga shi can. To madalla, ana samun ci gaba."

Ta wuce ɗaki. Wallahi miyar ma ba gishiri, kuma na san da gangan ne.

Bari in rubuta a nan, tunda ba mai saurarona a gidan nan. Ba manta Amatu na yi ba. Ranar Talatar makon jiya na sauke ta a ƙofar asibiti don awo, ƙarfe tara, na ce mata minti ashirin in dawo. Sai Sabo, sakataren reshenmu na Ɗansoshiya, ya kira, firintarsa ta ƙi fitar da takarda. Firintar nan kuwa duk wanda ya san ta ya san ba ta minti ashirin ba ce. Wayata kuma caji ya ƙare. Sauran ba sai na shiga ciki ba. Mutum ba ya manta matarsa, lokaci ne ya kuɓuce mini.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan la'asar

Na je Kwanar Dangora na sami Lado a tasha. Abokina ne tun firamare, kullum yana jan mota daga Kwana zuwa Doguwa. Shi ne ma ya ɗauke ta ranar Talatar nan, ya sa ta a gidan gaba, bai ko neme ni ba, kuma har yau bai ga laifinsa ba.

Na ba shi filashi, ɗan ƙarfen nan da ake soka wa kwamfuta, mai ɗauke da makullin, da takarda mai layi bakwai na yadda za a saka shi.

"Ka miƙa a ba Amatu. Ka ce aikin ƙungiya ne. Shi ke nan."

"Shi ke nan, Injiniya?"

"Shi ke nan. Ko tari kada ka ƙara."

"Ba saƙon baki?"

"Lado."

"To, to, Allah ya ba ka haƙuri. Ni dai na ga idonka ya faɗa, shi ya sa."

Idona bai faɗa ba. Hasken laftof ne.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan magariba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Lado ya kashe ni.

Ya zo har gida yana washe baki, wai ya yi mini aikin da ko ɗan'uwana ba zai yi ba. Da ya isa Tudun Wada sai ya ga bai dace ya shiga wurin babban malami hannu rabbana ba, ya sayi goro rabin ƙwarya. Ya cusa filashina cikin ganyen goron. Ya jira aka idar da azahar, zaure cike da mutane, ya zube gaban Malam ya ce, "Allah gafarta Malam, Mu'azu ne ya aiko ni biko. Ya ce a yi haƙuri, sharrin shaiɗan ne, ba ya ci, ba ya sha."

Na ce, "Ni na ce ka faɗi haka?"

"Bakinka bai ce ba, amma fuskarka ta ce."

Biko! A bakin direba, da filashi a cikin goro! Na dafe kai na ce to me Malam ya ce. Wai Malam ya dubi goron, ya dubi Lado, sannan a hankali ya ce, "Malam Mu'azu lafiyarsa ƙalau?" Lado ya ce ƙalau. "Ƙafafunsa duka biyun suna aiki?" Lado ya ce suna aiki, jiya ma da su ya zo tasha. "To alhamdulillahi. Mayar masa da goronsa. Wannan ɗan ƙarfen kuma in na ƙungiya ne, a miƙa shi ciki."

Duk da haka Lado sai da ya zauna ya cinye kwanon dambu. Ya ce yana cikin ci ya jiyo dariyar Amatu daga cikin gida. Dariyar me? Me ake yi wa dariya a Doguwa?

Lahadi, 11 ga Mayu, ƙarfe sha biyu

Ban fita ba. Inna tana cin goron.

Litinin, 12 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

Ta saka!

Na gwada ne kawai don in tabbatar ba ta yi ba. Na rubuta umarnin, na danna, baƙin allon ya yi shiru, can sai ga sunan sabar ya fito yana jira na. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Ina Kiru, ina cikin ɗakin da ke Doguwa. Ta ma bar mini ɗan rubutu mai layi ɗaya: "Layi na huɗu kuskure ne, na gyara." Ba gaisuwa, ba suna. Amma mutumin da ya gama fushi da kai ba zai tsaya gyara maka layi ba, wannan kowa ya sani.

Ashe cikin sabar ne ya cika da tsofaffin hotunan katin manoma. Minti goma na share su, ta tashi garau. Daga nan na toshe hanyar shiga ta kalmar sirri gaba ɗaya, yadda ƙwararru suke yi. Yanzu in ba ka da makullin nan nawa, ko kai waye sai dai ka tsaya a waje.

Na kira Alhaji Labaran na ce an gyara.

"Har ka isa Doguwa?"

"Ina Kiru, Alhaji."

"To wa ya gyara?"

"Ni."

Ya ce, "Mu'azu, ka dai riƙa yin addu'a kafin ka taɓa irin waɗannan abubuwan."

Na ci tuwo malmala biyu. Ba sauran abin da zai kai ni Doguwa.

Talata, 13 ga Mayu, ƙarfe sha ɗaya

Akwai umarnin da ke nuna wa mutum su wa ke cikin sabar a lokacin. Na danna shi haka kawai, sai ga suna biyu, nawa da nata. Ashe tana zama gabanta da hantsi tana shigar da sunayen manoman Doguwa, don ta rage zaman banza. Ga ta nan, a layin da ke ƙarƙashin nawa.

Ana iya tura rubutu ya faɗo a allon wanda ke ciki. Na yi minti ashirin ina tunani, na rubuta, "Sannu da aiki."

Sunanta ya ɓace.

Wataƙila sola ce ta yi ƙasa.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan azahar

Na gane abin da ya dace. Tunda ba ta ɗaukar waya, kuma hanya ba ta da kyau, zan rubuta mata cikakken bayani in ajiye a inda dole ta gani in ta kunna. Na tsara shi da lamba, ɗaya zuwa sha huɗu, don kada a ce na ɓoye wani abu. Na kawo tarihin firintar Sabo tun daga ranar da aka sayo ta. Na bayyana yadda batirin wayata yake sauka daga talatin zuwa sifili ba gargaɗi. A lamba ta tara na yi maganar abin da Inna ta yi ta yaɗawa, wai na shigo gida da magariba na ce, "Inna, ina Amatu ta shiga ne, ba ta ɗora girki ba?" Eh, na faɗa. Amma gajiya ce ta yi magana, ba ni ba.

Na karanta sau uku. Duk mai adalci in ya karanta zai gamsu.

Alhamis, 15 ga Mayu, ƙarfe sha biyu

An buɗe wasiƙar ƙarfe sha ɗaya da minti shida, sabar ta nuna. Ba amsa. Na rubuta ta biyu, da ƙarin haske a kan lamba ta tara.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan la'asar

Ta huɗu. A wannan na sa jadawalin lokaci, daga tara na safe zuwa magariba, kowace sa'a da abin da nake yi a cikinta. Inna ta leƙo ta ce me nake ta ƙwanƙwasawa tun safe. Na ce da Amatu nake magana. Ta ce, "Tana amsawa?" Na ce tana karantawa. Ta ce, "Allah sarki, 'yar mutane."

Ban gane wa take tausaya wa ba.

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe uku

Tun safe sabar ta ƙi amsawa. Ba ta ce an hana ni ba, shiru kawai, kamar ba ta duniya. Na zargi sola, na zargi sabis, na zargi ɓera. Ashe Alhaji Labaran ne.

Jiya ya je Doguwa taron manoma, ya biya ya gaida Malam. Shi da bakinsa ya ba ni labari a waya, ko kunya babu. Wai yabona yake yi. Ya ce, "Malam, ai surukin nan naka ya zama abin tsoro. Yanzu daga Kiru yake shigowa ɗakin nan naka, safe da yamma, ba mai ganinsa."

Malam ya ajiye carbi ya ce, "Wane ɗaki?"

"Wannan na jikin zaure."

"Tun yaushe?"

"Ai ya kai mako."

"Ikon Allah. Mako guda mutum yana shigowa gidana, yana wuce ni a zaure, yana magana da 'yata, ban ji sallamarsa ba ko sau ɗaya."

Ya tashi da kansa, ya tambayi Amatu wace waya ce take kawo intanet. Ta nuna masa. Ta nuna masa fa! Ya zare, ya naɗe, ya sa a aljihun jamfa. Ya ce wa Alhaji ya gaya mini duk mai shiga gidansa, da ƙafa ko da waya, ta wurin mai gida yake bi. In kira shi, in yi sallama, in ya amsa ya mayar da wayar.

Haba jama'a! Ai ba ni nake shiga ba, haruffa ne suke tafiya. Na yi wa Inna wannan bayanin dalla-dalla. Ta ce, "Haruffan wa?" Na ce nawa. Ta ce, "To."

Alhaji kuma ya ce saura kwana goma rajista, in ban kira Malam ba shi zai zo ya danna mini lambar.

Talata, 20 ga Mayu, ƙarfe goma da rabi

Na kira. Sai da na yi wanka na sa hula. Wayar tana fara shiga na tsinci kaina a durƙushe a tsakiyar ɗakina, ba kowa sai ni da katifa.

"Salamu alaikum, Allah gafarta Malam."

"Wa alaikumus salam. Malam Mu'azu ne? Bana ka yi wuyar gani."

Na gaishe shi da kwana, da gajiya, da ɗalibai, da damina da ke shirin sauka. Ya amsa kowace ɗaya a tsanake, ya tambayi Inna, ya tambayi mutanen Kiru kusan gida-gida. Sannan ya ce, "Yaya babur?"

"Lafiya lau, Malam."

"Har yanzu yana ɗaukar mutum biyu?"

"Yana ɗauka."

"Yana kuma dawowa da biyun?"

Na jiyo kukan akuyarsa ta waya. Sannan ya ce, "To, bismillah, shigo." Na ji ƙarar wayar ta shiga raminta.

Awa ɗaya ya ba ni. In na gama kuma sai na sake kira na ce na fito, a yi sallama, ya zare.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan azahar

Kwana uku ke nan a jere. Wanka, hula, durƙuso, gaisuwa, "Bismillah, shigo." Gwiwata ta fara yin baƙi. Malam bai ƙara ambaton babur ba, bai ambaci Amatu ba, bai ambaci komai ba. Yau har addu'a ya yi mini, Allah ya ƙara basira. Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Aikin ƙungiya minti goma yake ci. Sauran minti hamsin wasiƙa nake yi. Yau ta takwas.

Asabar, 24 ga Mayu, ƙarfe sha ɗaya

Na yi sallama, Malam ya amsa, ya ce in shigo. Na danna. Maimakon sunan sabar sai ga wani rubutu ya fito a allon:

"Wasiƙa tara ka rubuto, na karanta duka. Firintar Sabo yanzu na san ta kamar ni na raine ta. Akwai tambaya ɗaya da ba ka yi ba. Na cire makullinka. Sabar lafiyarta ƙalau, zan kula da ita."

Ƙarƙashinsa kuma layin nan da ke cewa an hana ka shiga.

Na gwada sau bakwai. Na ce bari in bi ta kalmar sirri, sai na tuna ni da hannuna na toshe hanyar, har ina cewa ko kai waye sai dai ka tsaya a waje. To ga ni a waje.

Dole kuma na kira Malam na ce na fito. Ya ce, "Yau ka yi sauri." Na ce eh. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Lahadi, 25 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Na ɗauka Alhaji Labaran zai tayar da ƙura, ya ce a mayar mini da makullina don rajista. Ina! Murna yake. Wai Amatu ta riga ta buɗe rajistar tun jiya, kwana biyar kafin lokaci, har reshen Tudun Wada sun fara shigar da sunaye.

"Yarinyar nan ta fi ka sauri, Mu'azu, kuma ba ta yi wa mutum dogon turanci. Kai ka huta abinka. Ba sai ka je Doguwa ba."

Mako uku ina neman wanda zai ce mini haka. Ya faɗa, na ajiye waya, na ji kamar an zare mini laka.

Takalminta na roba yana nan bayan ƙofa inda ta bar shi. Kullum ina tsallake shi. Ina kewarta. Ga shi na rubuta, ba kuma wanda ya tilasta ni.

Litinin, 26 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Wace tambaya ce? Na kira Lado, ya ce wataƙila ban tambaye ta ko tana son tsire ba, mata masu ciki haka suke. Na kashe wayar. Na tambayi Inna, ta ce ita ba ta iya boko ba, amma in ina da kwafin wasiƙun in zauna in karanta su kamar wani ne ya rubuto mini.

Litinin, bayan azahar

Na karanta. Shafi ashirin da biyu. Sunan Sabo ya fito sau talatin da ɗaya. Batiri sau sha tara. Na bi su layi-layi ina neman tambayar da na tsallake, sai na ga ashe ban yi tambaya ko ɗaya ba. Shafi ashirin da biyu, ban tambaye ta komai ba.

Na kira Lado na ce ya ajiye mini kujera gobe. Ya ce goro fa? Na ce in ya sake ambaton goro ba ni ba shi.

Talata, 27 ga Mayu, bayan magariba, Doguwa

Hanyar ba laifi, ashe an cike ramukan tun kafin azumi. Lado kuwa duk inda muka wuce wuri mai kyau sai ya dube ni ya yi gyaran murya.

Na isa bayan azahar. Na cire takalmi tun daga waje, na yi sallama, muryata ta fito kamar ta wanda ya sha sanyi. Malam yana kan buzunsa. Ya amsa, ya dubi ƙafafuna, ya ce, "Masha Allah, ga su kuwa." Na zube. Jawabin da na haddace tun daga Kwana ya gudu, abin da ya fito kawai shi ne, "Malam, na yi laifi." Ya ce ya sani, duk Doguwa ma an sani. Ya sa aka kawo mini fura, ya tsare ni sai da na shanye. Sannan ya ce, "Malam Mu'azu, ni ban riƙe 'yata ba, da ƙafarta ta zo. Ba kuma ni aka bari a ƙofar asibiti ba. Tana ɗakin injinku. Shiga."

Tana zaune gaban sabar, ta ba ƙofa baya. Na yi sallama. Ta amsa ba ta juyo ba, ta ci gaba da danne-danne. Na tsaya kamar wanda ya zo gyaran fanka. Da ta juyo da kujerar sai na ga yadda ta yi nauyi cikin wata guda, ƙafafunta sun kumbura, tana dafe da ƙugu. Duk kwanakin nan sunanta nake gani a allo, layi ɗaya ƙarƙashin nawa, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Tambayar ta fito da kanta.

"Amatu, ranar nan, me suka ce a asibiti?"

Ta ce, "Kwana ashirin da takwas." Ta jawo jakarta, ta ciro wata takarda da aka ninke har ta fara yagewa a gaɓoɓin, ta riƙe ba ta ba ni ba tukuna.

"Hoton ciki suka yi mini. Na fito da sauri in nuna maka, har ma'aikaciyar tana ce mini in bi a hankali. Na zauna a bencin ƙofa da ita a hannu. Duk babur ɗin da ya shawo kwana sai in miƙe. Mai awara ta sayar ta tashi. Aka kira la'asar. Ban gaya wa Baba ba, ban gaya wa Umma ba, na ce kai za ka fara ji, ko da shekara za ka yi ba ka tambaya ba."

Ta miƙo mini. Baƙi da fari ne, duk dishi-dishi, na juya shi sama na juya shi ƙasa ban gane komai ba. Ta sa yatsa ta nuna wuri ɗaya, ta matsa ta nuna wani.

"Biyu ne."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na yi kuka, ba kaɗan ba, irin mai sauti. Na ce ta yafe mini, ba lamba, ba jadawali. Ta ce in yi a hankali Baba yana ji. Daga zaure Malam ya yi gyaran murya ya ce, "Lafiya dai ko?" Ta ce, "Lafiya, Baba, sabar ce yake dubawa." Tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

Laraba, 28 ga Mayu, ƙarfe takwas na safe, Doguwa

A ɗakin baƙi na kwana. An yanke za ta zauna nan har ta sauka, ba hawa babur, ba doguwar tafiya. Na ce to makullina fa, ko don ranar da wani abu ya taso. Ta ce in wani abu ya taso motar Lado tana tashi ƙarfe bakwai. Duk Juma'a zan zo in kwana biyu.

Umma ta ji labari ɗazu, tana ta guɗa a tsakar gida. Na kira Inna na gaya mata. Ta yi kabbara sau uku, sannan ta ce in ƙirga su da kyau duk ranar da na fita da su.

Alhaji Labaran ya kira yanzu, wai ya ji ina Doguwa, me ya lalace kuma? Na ce ba abin da ya lalace, Alhaji, wurin iyalina na zo.